Yadda Ake Lissafin Kuɗin Ruwa a Katin Bashi, da Yadda Ake Tsara Biyan Wata-Wata

Katin da yawancin mutane ke yawo da shi a aljihu, wanda ake kira katin ATM, kuɗin mai shi yake ci. Ranar da asusu ya bushe, na'ura za ta ce babu, magana ta ƙare. Katin bashi, wanda ma'aikatan banki ke kira katin kiredit, kamanninsa ɗaya da wancan, har da tambarin Visa ko Mastercard a kusurwa, amma duk sisin da ya fita ta cikinsa na banki ne. Bankin ya yanka maka iyakar abin da za ka iya ci, a ce N500,000. Ka ci N120,000, saura N380,000. Ka biya, iyakar ta sake cika. Bashi ne mai juyawa, ba shi da ranar ƙarewa sai wadda ka sa masa da kanka.

A Najeriya ba kowa ake ba shi ba. Galibi ma'aikacin da albashinsa ke shiga bankin ne, ko mai ajiyar kuɗi da za a riƙe a matsayin jingina. Wanda ya je karatu ko aiki Ingila ko Amurka kuwa, kusan tallarsa za a yi masa, domin a can da tarihin biyan bashi ake auna mutum wajen ba shi hayar gida ko rancen saye. Ko'ina ne dai, lissafin iri ɗaya ne. Alƙaluman nairar da za a gani a ƙasa duk misalai ne don a koyi hanya. Na katinka suna cikin takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu.

Da farko, nemo ranaku biyu da adadi uku

Kowane wata banki zai aiko da takardar bayanin kati, ta imel ko ta manhajar waya. Mutane da yawa alat kawai suke dubawa, su bar takardar, alhali a cikinta komai yake.

Rana ta farko ita ce ranar rufe lissafi. A ranar ake jan layi a tara duk abin da ka ci a cikin kwana 30 ko 31 da suka wuce. Ta biyu ita ce ranar biya, wadda ke zuwa bayan makonni kaɗan. A Amurka dokar katin bashi ta 2009 ta wajabta a bar aƙalla kwana 21 tsakanin aika takardar da ranar biya. A wasu wuraren tazarar na iya gajarta, don haka ka karanta taka, kada ka yi zato.

Adadi na farko shi ne jimillar bashin da aka rufe lissafi a kansa. Na biyu shi ne mafi ƙarancin abin da za a karɓa a hannunka a wannan watan. Na uku shi ne bashin da ke kanka a yau ɗin nan, wanda manhaja ke nunawa, ya haɗa da sayayyar da ka yi bayan an rufe lissafi. Cikin ukun, na farko ne abin kula. Na uku yakan rikita sabon shiga, ya ɗauka dole sai ya biya shi duka, alhali sayayyar bayan rufe lissafi ta watan gaba ce. Na biyu kuma shi ne ramin da ake faɗawa, za mu zo kansa.

Mayar da farashin ruwan zuwa na kwana ɗaya

Bankunan Najeriya sun fi faɗin ruwa a wata, su ce kashi 3 cikin 100, sai a ji kamar ba komai. A Ingila da Amurka na shekara ake rubutawa, ƙarƙashin haruffan APR. Kafin ka gwada kati biyu, mayar da su ma'auni ɗaya. Kashi 3 a wata sau 12, kashi 36 ke nan a shekara. Idan kuma aka bar ruwan yana hawa kan ruwa ba a biya ba, N100,000 za ta zama kimanin N142,600 bayan wata 12, wato ainihin nauyin ya kai kashi 42.6.

Amma banki ba ya jiran ƙarshen wata ko na shekara. Kullum yake ƙirgawa. Raba 36 da 365, za ka samu kusan kashi 0.0986 cikin 100 a kowace rana. A sauƙaƙe, duk N100,000 da ta kwana a kanka tana haifar kusan N99 kafin gari ya waye. Rubuta wannan adadin na katinka a bayan takarda ka ajiye, da shi za ka yi duk sauran lissafin.

Yadda ake fitar da ruwan wata guda

Ɗauki watan Yuni, mai kwana 30. A ce an shiga watan ana bin ka N100,000 da ba ka biya ba daga baya. Ranar 11 ga wata ka yi sayayyar N60,000. Ranar 21 ka biya N40,000.

Ka raba watan gida-gida, gwargwadon yadda bashin ya sauya. Daga 1 zuwa 10 ga wata, kwana goma ke nan ana bin ka N100,000, ninka su ka samu 1,000,000. Daga 11 zuwa 20 bashin ya koma N160,000, sau goma, 1,600,000. Daga 21 zuwa 30 ya sauko N120,000, sau goma, 1,200,000. Haɗa su uku: 3,800,000. Idan ka raba da 30 za ka ga matsakaicin bashinka na kullum N126,667 ne, kuma a kan wannan ake ɗora ruwa, ba a kan N120,000 da aka rufe wata da ita ba. Ninka 3,800,000 da 0.36, ka raba da 365. Ruwan Yuni ya tashi kusan N3,748.

Yanzu sauya abu ɗaya tak. Maimakon 21 ga wata, ka biya waccan N40,000 ɗin ranar 6. Jimillar ta sauko zuwa 3,200,000, ruwan ya koma N3,156. Kuɗin da ka biya bai ƙaru da ko kwabo ba, amma ka rage N592 saboda kwana 15 da ka rigaya. Wannan shi ya sa mai bashin da ruwa ke gudu a kansa bai kamata ya jira ranar biya ba. Albashi na shiga, a tura. Mai sana'ar da kuɗi ke shigo masa kaɗan-kaɗan ma ya fi samun sauƙi idan yana turawa duk mako.

Idan ka yi naka lissafin ya bambanta da na banki da 'yan nairori, ba lallai cuta ba ce. Wasu bankunan suna ɗora ruwan jiya a kan bashin yau, wasu suna fara ƙirga daga ranar da cinikin ya zauna a asusu. Bambancin da ya kai dubbai ne ya kamata a tafi da takarda a nemi bayani.

Kwanakin da ba a ɗora ruwa, da yadda ake rasa su

Kusan kowane katin bashi yana da wa'adin sassauci. Sharaɗinsa ɗaya ne: ka biya jimillar bashin da aka rufe lissafi a kansa, duka, kafin ranar biya ta wuce. Ka yi haka, ruwan sayayyarka sifili ne. A Ingila ana yawan tallata shi da cewa ya kai kwana 56.

Lura da kalmar "ya kai". Tsawonsa ya danganta da ranar da ka yi sayayya. Idan ana rufe lissafi 30 ga Yuni, ana biya 20 ga Yuli, wanda ya sayi firji ranar 1 ga Yuni yana da kusan kwana 50 a hannunsa. Wanda ya saya ranar 29 ga Yuni, makonni uku kacal. Babbar sayayya, in dai za ta iya jira, a yi ta washegarin rufe lissafi.

Ga inda ake shan mamaki. Mutum ya sayi kayan N200,000 ranar 5 ga Yuni. Ranar 20 ga Yuli ya biya N190,000, ya ce sauran N10,000 ai ba wani abu ba ne, ruwanta bai wuce N300 ba. A katuna da yawa, ciki har da na Ingila, rashin cika biyan nan yana soke sassaucin gaba ɗaya, a koma a ƙirga ruwa a kan N200,000 ɗin tun daga ranar ciniki. Kwana 45 ke nan, kusan N8,877. Dokar Amurka ta 2009 ta hana ɗora ruwa a kan kason da aka biya cikin wa'adi, amma wannan kariyar ta masu kati a can ce. Tambayar da za ka yi wa ma'aikacin banki kafin ka karɓi kati ita ce: "Idan na biya wani kaso na bar saura, daga wace rana kuke fara ƙirga ruwa, kuma a kan nawa?" Ka sa ya nuna maka wurin a rubuce.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Muddin akwai ragowar bashi a kan katin, sabuwar sayayya ma ruwa take fara ci tun ranar farko. Sassaucin ba ya dawowa sai an share bashin tas, wasu bankunan ma sai an yi haka wata biyu a jere.

A nan ne mai karatu Musulmi zai tambaya: to idan ina biya duka a kan lokaci, ban taɓa ba da ruwa ba, ya halatta? Majalisar fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta duba batun a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta ce bai halatta a yi mu'amala da katin da aka shardanta ruwa a cikinsa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya cikin wa'adin sassauci. Akwai malaman da suka yi rangwame ga mai larura, musamman mazauna ƙasashen da rayuwa ke wuya babu katin. Hukunci na malamai ne, a tafi gare su da takardar yarjejeniyar a hannu. Wanda buƙatarsa sayen kaya ne a biya sannu a hankali, yana iya tambayar tsarin murabaha a bankunan da ba sa harkar ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank a 2019, da Lotus a 2021. A can ana yanke riba sau ɗaya tun farko, ba ta hauhawa da kwanaki.

Mafi ƙarancin biya

Wannan adadin amfaninsa ɗaya ne: yana hana a rubuta ka cikin waɗanda suka makara. Ba hanyar fita daga bashi ba ce, kuma lissafi zai nuna dalili.

A ce bashin N300,000 ne, ruwa kashi 3 a wata, mafi ƙarancin biya kashi 5 na abin da ake bin ka, kuma ka jingine katin ba ka ƙara sayen komai ba. Watan farko ruwa N9,000, bashi ya zama N309,000, kashi 5 ɗinsa N15,450. Ka biya. A cikin kuɗin nan N9,000 ta tafi a ruwa, N6,450 ce kawai ta taɓa uwar kuɗin. Saura N293,550.

Wata na biyu za ka ga abin da ake nema ya ɗan ragu, ka ji daɗi. Matsalar ke nan. Tunda kaso ne na bashin, duk lokacin da bashin ya ragu, biyan ma raguwa yake, sai tafiyar ta yi ta jan ƙafa. Bayan shekara guda ka zuba kusan N165,000, amma har yanzu ana bin ka kimanin N231,000. Bayan shekara uku, N137,000. Bayan shekara biyar ruwan da ka biya ya kai kusan N305,000, ya zarce abin da ka ci tun asali, kuma akwai sauran N81,000 a kanka.

Hukumomi sun san da wannan. Shi ya sa a Amurka dole takardar wata ta nuna tsawon lokacin da bashin zai ɗauka idan ƙaramin biya kawai ake yi, da kuma nawa za a riƙa biya a gama cikin wata 36. A Ingila, tun 2018, idan mutum ya shafe wata 18 abin da ya biya na ruwa da caji ya fi abin da ya rage daga uwar kuɗin, wajibi ne bankin ya tuntuɓe shi. Inda takarda ba ta nuna wannan ba, kai za ka yi wa kanka.

Yanka wa kanka tsayayyen biya

Dabara mafi sauƙi ba ta buƙatar ƙarin ko sisi a watan farko. Ɗauki N15,450 ɗin nan da aka nema a wata na farko, ka daskarar da ita. Ko takarda ta ce N14,000, ko ta ce N9,000, kai dai N15,450 kake turawa. Bashin N300,000 zai ƙare a wata na 30, ruwan duka kusan N157,000. Kwatanta da wanda ya yi shekara biyar bai fita ba.

In kana son ka sa wa bashin ranar ƙarewa, ga lissafin da za a iya yi a ka. Raba bashin da yawan watannin da kake so, sannan ka ƙara ɗan abin da ya haura rabin ruwan watan farko. Don gamawa a shekara guda: N300,000 raba 12, N25,000, a ƙara N5,000, N30,000 ke nan. Ainihin adadin N30,140 ne, ka ga an kusa. Ruwan da za ka biya duka bai kai N62,000 ba. Wannan gajeriyar hanya tana aiki ne ga wa'adin shekara ɗaya ko ƙasa da haka. Idan ya yi tsawo tana gazawa, sai a ƙara a kai.

Sannan ka ba banki umarnin cire kuɗin da kansa daga asusun albashi. Ka duba da kyau wane adadi aka saita, domin sau da yawa mafi ƙarancin biya ake sawa idan ba ka ce komai ba. Mai iya biya duka ya zaɓi jimillar bashi. Mai biya sannu a hankali ya sa tsayayyen adadinsa. Ranar cirewa ta kasance kwana ɗaya ko biyu bayan shigar albashi, kuma aƙalla kwana uku na aiki kafin ranar biya. Tura kuɗi daren ranar ƙarshe caca ce. Netiwok na iya tsayawa, ko ranar ta faɗa Asabar ko hutun sallah, kuɗin su zauna ranar Litinin, a ci ka tara.

Mai kati biyu ya biya mafi ƙarancin kowanne, duk rarar da ta saura ya zuba a wanda ruwansa ya fi tsada. Cin bashin manhajar waya mai wa'adin mako biyu don a biya kati kuwa, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Tsabar kuɗi da dala

Cire tsaba da katin bashi a na'urar ATM shi ne amfani mafi tsada da za a yi da shi. Babu wa'adin sassauci, ruwa yana farawa a ranar, akwai cajin cirewa a kai, kuma sau da yawa farashin ruwan ya fi na sayayya. Ka ciri N50,000, a ce caji kashi 3, N1,500 ta tafi nan take. Ka riƙe kwana 30, wata kusan N1,480 ta hau. Tura kuɗi daga katin zuwa asusu ma yawanci a wannan layin ake sa shi. In ta kama dole, a mayar da kuɗin cikin kwana biyu ko uku, kada a jira takarda.

Katin da ake lissafinsa da dala yana da nasa haɗarin ga mai samun naira. Bashin dala 500 yana nan a dala 500 ko me kasuwa ta yi. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen N460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura N1,500. Wanda ya bar irin wannan bashin ya kwana a kansa a tsakanin, ya biya ninki uku da ɗoriya tun kafin a zo maganar ruwa.

Idan an makara

Kwana ɗaya ya isa a ɗora tara, a kuma soke sassauci. In abin ya daɗe, suna zai shiga rajistar masu tattara tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, waɗanda dokar 2017 ta tsara aikinsu, kuma nan bankuna ke leƙawa kafin su ba da sabon rance. Tun 1 ga Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba bankin da ke bin ka damar bin lambar BVN ya kwashi uwar kuɗi da ruwanta daga asusunka na wasu bankunan, idan ka sa hannu a kan wannan izinin lokacin karɓar bashi. Kwashe albashi a kai wani banki ba ya ɓoye shi.

Wanda ya hango ba zai iya biyan wata ba, ya je banki kafin ranar, ba bayanta ba. Ya nemi a rufe katin a mayar da bashin rance mai tsayayyen biya da wa'adi, a ba shi sabon sharaɗin a rubuce. Idan kuma caji ne ya gani wanda bai gane ba, ya rubuta ƙorafi ga bankin, ya karɓi lambar shaidar ƙorafin. In ba a warware ba, da wannan lambar zai kai magana sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Ana cikin jayayyar ma a ci gaba da biyan kason da babu gardama a kansa.

Ranar da ka tura biyan ƙarshe, tsugune ba ta ƙare ba. Ruwa ya ci gaba da taruwa tsakanin ranar rufe lissafi da ranar da kuɗinka suka shiga. Idan takarda ta ce N120,000 ka biya bayan kwana 20, akwai kusan N2,370 da za ta ɓullo a takardar wata mai zuwa. Mutane kan ɗauka sun gama, su daina buɗe imel, wannan 'yar ragowar ta jawo tara, tarar ta jawo ruwa, har suna ya ɓaci a rajista kan kuɗin da bai kai na cefanen yini ba. Ka kira banki ka tambayi adadin da zai share bashin a ranar da za ka biya, ka tura shi daidai, ka duba takardar wata biyu masu zuwa har ka ga sifili. In rufe katin za ka yi gaba ɗaya, karya shi da almakashi bai rufe shi ba, kuɗin sabuntawa na shekara zai ci gaba da hawa. Rubuta takardar neman rufewa, ka soke duk wani biyan wata-wata da ka ɗaura a kan katin, kamar na kallon talabijin ko na manhaja, sannan ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, mai ɗauke da kwanan wata da hatimin banki.